Babban Faifai a Gidan Maƙeri

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum mai sana'ar neman abin da ya ɓace a ƙasa. Yana da na'urar gano ƙarfe, irin mai sanda da faifai a gindi, tana kuka in ta ji ƙarfe. Zobe ya faɗi, mukulli ya ɓata, shi ake kira. Yabo ya hau masa ka.

Mahaifinsa maƙeri ne. Ya rasu ya bar gida ɗaya, yayar mutumin na ciki da marayunta. Sai Shaiɗan ya raya masa cewa tsohon ya binne zinariya, kuma yayar ta sani ta yi gum.

Ya je wurin mai gyara ya ce a ɗaura masa faifai mafi girma. Mai gyara ya ce, "Babba na jin abu mai zurfi, gaskiya ne, amma a ƙasa mai tsabta. A gidan maƙeri ƙusa goma zai haɗa ya yi maka kuka ɗaya, ka zaci tukunya ce. Ɗauki ƙarami, shi ke rarrabewa."

Ya ce, "Kai gyara ka iya. Nema nawa ne."

Aka ɗaura masa babban, ya nufi gidan. Na'ura ta yi kuka a gindin bangon ɗakin yayarsa. Yayar ta ce, "Ƙanena, shekara arba'in Baba yana zubar da guntayen ƙarfe a nan. Ka tone wurin, ina za mu kwana?"

Ya ce, "In babu komai, Yaya, tsoron me kike yi?"

Ya kama haƙa. Ƙusa ta fito, ya ce murfi ne aka yi wa dukiya. Maƙwabta suka yi magana, ya ce hassada ce. Wa ya isa ya hana shi? Rana ta uku rami ya kai masa ƙirji, bango ya rasa abin da zai tsaya a kai, ya rufto masa. Allah ya sa yaran suna makaranta.

An zaƙulo shi bayansa a karye. An tankaɗe ƙasar kaf: ƙusoshi, karyayyar fartanya, gwangwani. Yau a rumfar maƙwabci suke kwana, yayar da ya zarga ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Kun san abin da yake ce mata? "Da kun bar ni, saura kamu ɗaya."

Wannan maganar ta fi karayar bayan ba ni tsoro. Mai jin haushi ya ji, sai na faɗa: girman kai da mugun zato suka rushe ɗakin nan, ba na'ura ba. Zuciya in ta kumbura, tarkacen zato take tattarawa ta kira shi hujja. An yi maka nasiha, ka tsaya. 'Yar uwarka ta roƙe ka, ka ajiye shebur.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ko bango ya faɗo mata ba ta tuba. Amin.