Bankwanan da Gajere Bai Yi Ba

Akwai wani ɗan kasuwa a Kankia mai suna Gajere, a zamanin mulkin Turawa, lokacin da jirgin sama ya fara kwasar maniyyata daga Kano zuwa Jidda. Gyaɗa yake saye, kuma Allah Ya buɗa masa.

Yayarsa Tani ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Tana aure a Kaikai, ƙasar Kusada. Wata rana ta zo wurinsa da ƙurar hanya a ƙafa, ta tarar da shi cikin manyan baƙi. Kunyar tsohon zanenta ta kama shi, ya ce musu, "Wata 'yar ƙauyenmu ce."

Tani ta ji. Ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo, ta juya. Tun ranar ba su sake haɗuwa ba.

Da Gajere ya tashi tafiya Makka, sai Hawwa'u mai tallar nono ta kawo masa saƙo.

"Tani ba ta jin daɗi. Ta ce ka leƙo ku yi bankwana kafin ka tahi."

Abin ya taɓa shi, don ya san akwai gafarar da bai nema ba. Amma nauyin haɗa ido da ita ya fi ƙarfinsa. Sai ya yi dariya.

"Bankwana ai na masu tahiyar ƙasa ne, da ke shekaru a hanya. Mu jirgi za mu hau. Ka tashi Kano yau, gobe war haka kana Jidda. Ki ce mata kafin gero ya nuna na dawo da tsarabarta."

Haka kuwa aka yi. Hamadar da kakanni suka ƙare ƙarfinsu wajen ratsawa, shi ta taga ya leƙe ta. A Arfa ya ɗaga hannu zai yi roƙo, fuskar Tani ta tsaya masa a rai. Ya yi alkawarin yana sauka, Kaikai zai fara zuwa.

Da ya dawo, ko gida bai shiga ba ya hau keke. Ya tarar da mijinta Manu zaune a ƙofar gida, tabarmin zaman makoki jingine da bango.

"Alhaji, sai haƙuri," in ji Manu. "Kuna can Allah Ya yi mata cikawa."

Gajere ya zauna a ƙasa. Manu ya ci gaba da magana.

"Ranar tahiyarka ta matsa sai na ɗora ta bisa jaki mun zo Kankia. Muna isa aka ce motarku ta tashi. Haka muka komo."

"Ta ambace ni?" in ji Gajere.

"Ta ce ta yafe maka tuntuni. Da bakinta dai ta so ta gaya maka."

Gajere ya ɗauki nauyin 'ya'yanta har suka girma. Amma har ya tsufa, in yara suka kewaye shi suna tambayar yadda jirgi ke tashi sama, sai ya sunkuyar da kai, ya ce su tambayi wani.

Darasi: Idan ka san ka ɓata wa wani, je ka nemi gafararsa yau. Saurin tafiya ba ya ƙara wa kowa kwana, kuma wanda ka bari a gida bai yi maka alkawarin jira ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai bankwanan da yake ta ɗagawa.