Cindo Maharbi da Rijiyar Shakazauna

Tun ƙasar da ke tsakanin Kabi da kogin Kwara tana kurmi da fadama, tun giwaye ne ke fitar da hanya mutane su bi sawunsu, aka yi wani maharbi ana ce da shi Cindo ɗan Magawata. An haife shi da yatsa shida a hannun dama, kuma tsofaffi sun ce da na shidan yake jan tsirkiyar bakansa. Yana zaune a kan wani tudu mai duwatsu, shi da ƙanensa Gagare da iyalansu da maharba kaɗan, a bukkoki na ciyawa. In ya ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, yakan shiga tsakiyar garken ɓauna su ci gaba da kiwonsu. In kuma ya tsaya cik, sai mai wucewa ya ɗauka kututture ne. Maharba kan yi masa kirari su ce, "Cindo na Magawata, kututture mai ido, abokin kiwon ɓauna, namijin da daji ke yi wa shimfiɗa!"

A wannan zamani duniya tana sauya kama. Fataken goro da ke ratsa dajin a hanyarsu ta Gwanja sukan yada zango a gindin tudun, su ba da labari. Sun ce can kudu, a bakin teku, wasu jajayen mutane na zuwa cikin jirage masu girman tsauni waɗanda iska ke turawa, suna sayen zinariya da mutane. Sun ce daga arewa kuma wata runduna ta keto Sahara a kan raƙuma, ɗauke da sanduna masu aman wuta da ake kira bindiga, ta karya dawakin Songai, ta shiga Gawo da Tambutu. Cindo yakan saurara, ya ba su kilishi su ba shi gishiri, ya koma farautarsa. A ganinsa, abin da ke faruwa a biranen sarakuna ba zai iso kurmi ba.

Sai ga shi ya iso. Wata shekara, ƙarshen bazara, zafi ya kai inda ya kai, jama'a suka ɓullo daga yamma, mata da tsofaffi da masu goyo, ƙafafu duk sun fashe. Masaƙa ne da masunta da maƙera daga ƙasar Gawo. Wadda ke gabansu wata dattijuwa ce doguwa mai suna Bibata, 'yar kasuwar tufafi, wadda ta iya Hausa saboda daɗewar cinikinta da Kabawa. Ta tsaya gaban Cindo, ba ta durƙusa ba.

Ta ce, "Ɗana, kai ne mai tudun nan?"

Ya ce, "Ni ne babba a kansa, Inna. Daga ina?"

Ta ce, "Daga gari mai ganuwa da masallatai, wanda yanzu ungulu ke gadi. Masu bindiga na bayanmu. Ba rundunar ba ce, wasu ne da suka ɓalle daga cikinta suka koma farautar mutane. Sun kwashe mana samari a hanya. Mu da ka gani mun gaji da gudu. In za ka kore mu, ka kore mu yanzu, tun muna tsaye."

Gagare ya ja wansa gefe. Ya ce, "Yaya, a ba su ruwa su wuce. Abin da ya kayar da dawakin Songai ba kibiya ce za ta tare shi ba. Muna da mata da 'ya'ya."

Cindo ya ce, "Ban taɓa gudun dabbar da ban gani da idona ba. Ku sauke su, ku dafa musu nama. Zan je in duba."

Ya bi sawun baƙin ya koma yamma, har ya riski zangon masu bindiga a bakin wani rafi. Ya tsaya cikin itatuwa ya zama kututture, har wani daga cikinsu ya rataye salkarsa a kafaɗarsa bai sani ba. A gabansa suka harbi wani gwanki daga nesan da kibiya ba ta kaiwa. Ƙarar ta girgiza kurmi, tsuntsaye suka tashi, gwankin ya faɗi kamar an sare masa ƙafafu. 

Amma Cindo bai tafi ba. Ya zauna yana kallonsu kamar yadda yake kallon zaki kafin ya ɗana masa. Ya ga kowace bindiga tana da igiya mai ci da wuta a hankali, kuma sai an kai bakin igiyar ga wani baƙin gari da suke kira albarushi kafin ta yi amai. Ya ga in ta yi amai sau ɗaya, sai an daɗe ana ɗura mata kafin ta sake. Ya ga suna ɓoye garin nan daga raɓa kamar yadda mace ke ɓoye gishirinta. Ya kuma lura da wani jan mutum mai jan gemu, da mari a ƙafa, wanda shi ke gyara bindigogin, shi ke ɗaukar kaya, shi kuma ake duka in an fusata.

Da ya juyo gida, sai ya ga shamuwa a kan wata tsamiya, ya ga tururuwa na kwashe ƙwayayensu zuwa tudu. Ya san ruwan fari ya kusa.

Ya tara jama'a ya ce, "Makaminsu yana tsoron ruwa. Aikinmu shi ne mu sa su shiga fadama a lokacin da hadari zai sauka. Sai dai dole su ga abin da zai ja su."

Bibata ta ce, "Mu suke nema. Mu za su gani."

Aka kwashe yara da masu goyo aka ɓoye cikin duwatsu. Cindo ya yi ta karkatar da masu bindiga da sawun ƙarya, yau gabas, gobe kudu, har ranar da gabas ta yi baƙi tun da azahar. Ran nan Bibata da tsofaffin matanta suka tsallake fadama, suka hura wuta a fili, suka shanya zannuwa, suka zauna suna daka kamar ba abin da ya dame su. Masu bindiga suka hango hayaƙi, suka hango mata. Hanya ɗaya ce ke ratsa fadamar, siririya, tsakanin ciyawa da ta fi mutum tsawo. Suka kunna igiyoyinsu suka shiga a jere.

Suna tsakiya iska ta taso. Sai ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Igiyoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, albarushi ya zama taɓo a hannunsu. Cindo, da kan burtu a goshi, ya riga ya lallaɓo da garken ɓauna har bakin ciyawar. Wasu sun ce ihu ya yi musu ta baya. Wasu sun ce kunnen babban namijin garken ya kama ya yi masa magana. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, garken ya keto fadamar kamar ambaliya, kibau masu dafi kuma suka biyo baya daga hannun Gagare da sauran maharba.

Bindiga ɗaya ce ta tashi a wannan rana. Shugaban masu bindiga ya riga ya rufe tasa da alkyabba, ya hangi mai kan burtu ya sake masa. Harsashin dalma ya shiga cinyar Cindo ya farfasa ƙashi. Yana ƙasa ya ja baka, kibiyarsa ta sami mutumin a wuya. Waɗanda suka tsira suka watsar da kaya suka gudu yamma, aka kwance samarin da suka ɗaure, uwaye suka rungume 'ya'yansu cikin ruwan sama.

Da gari ya waye aka tara bindigogi a gaban bukkar da Cindo ke kwance. Aka kuma jawo jan mutumin nan daga cikin laka, da ransa. Gagare ya zare wuƙa.

Cindo ya ce, "Dakata. Wanda ke da mari a ƙafa ba da son ransa ya zo ba. Inna, yana jin harshenku, tambaye shi ko shi wane ne."

Mutumin ya yi magana, Bibata tana mayarwa da Hausa. Ya ce an haife shi a wata ƙasa bayan Sahara, bayan wani teku kuma, inda ake noman inabi da zaitun. Ubansa magini ne mai haƙar rijiya. Yana saurayi aka kama shi a jirgin ruwa, aka sayar da shi, aka sake sayarwa, har ya faɗa hannun rundunar da ta keto hamada. Ya faɗi sunansa, harshen kowa ya kasa juya shi, sai aka ce masa Jatau saboda launinsa. Cindo ya sa maƙerin baƙin ya datse marin.

Sa'an nan Gagare ya ɗaga bindiga ɗaya, idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Yaya, Allah ya kawo mana mulki har gida. Ga makami, ga mai gyara shi. Daga nan har Kwara wa zai ɗaga mana murya?"

Cindo ya dubi Jatau ya ce, "Baƙin garin nan, in ya ƙare, ina ake samunsa?"

Jatau ya ce, "Wurin 'yan kasuwar arewa, ko wurin masu jirage a bakin teku."

"Me suke karɓa? Hauren giwa? Fata?"

"Sukan karɓa. Amma abin da suka fi so mutum ne. Ka kai mutane a ba ka albarushi, ka harba shi ka kama wasu mutanen. Na ga sarakuna da yawa sun shiga wannan hanya, ban ga wanda ya fita ba."

Gagare ya ce, "To, gara mu zama masu kamawa da mu zama abin kamu."

Cindo ya kau da kai daga bindigar. Ya dubi matan da suka zauna a fili jiya suna daka, mutuwa tana tunkaro su. Ya ce, "Ƙanena, na kashe giwa na kashe zaki, na ci na ciyar. Ba zan yi farautar abin da ke kiran sunan uwarsa ba. Muddin ina kan tudun nan, ba za a sayar da mutum a kansa ba."

Gagare bai yarda ba. Ya ɗauki bindiga biyu da ɗan albarushin da bai jiƙe ba, wasu samari suka bi shi, suka nufi kudu. Cindo ya sa aka ɗaga shi zaune, ya bi bayan ƙanensa da kallo har ciyawa ta rufe shi. Ba su sake haɗuwa ba. Fatake sun zo da labari iri biyu: wasu sun ce ya yi dukiya, wasu sun ce sun gan shi a ɗaure a bakin teku.

Ƙafar Cindo ta warke a karkace, farauta ta ƙare masa. Damina ta yi kyau, baƙi suka yi shuka, masaƙa suka kafa masaƙarsu. Amma da rani ya tsananta fadama ta ƙafe, jama'a kuma sun yi wa ɗan tafkin maharba yawa. Aka haƙa nan aka haƙa can, ko'ina sai a ci karo da dutse. Yara suka fara ciwo, wasu iyalai suka fara ɗaure kaya.

Jatau ya zo ya durƙusa gaban Cindo, da 'yar Hausar da ya koya. Ya ce, "Maigida, akwai ruwa ƙarƙashin dutsen nan. A ƙasarmu mukan fasa. Ƙarfe mai ƙarfi nake so."

Cindo ya nuna masa rumbun da aka zuba bindigogi. Ya ce, "Ga shi can yana tsatsa."

Maƙeri ya yi zuga, ya mayar da bututun bindigogin dagi da gizago. Jatau ya sa a hura wuta a kan dutsen, a kwara masa ruwa ya tsage, sa'an nan a bi da dagi. Maharba da masunta da masaƙa suka riƙa karɓa-karɓa, mata na kwashe tsakuwa da ƙwarya, Cindo na zaune a bakin ramin da sandarsa daga safe har yamma. Jatau ya jera duwatsu a bangon ramin, kowanne ya danne ɗan'uwansa, ba laka ba itace. Wata rana da hantsi dagi ya nutse, aka ji Jatau ya yi kuwwa daga ƙasa da harshen ƙasarsu. Ruwa ya ɓulɓulo, mai sanyi, garai-garai.

Aka jawo gugan farko aka miƙa wa Cindo. Bai sha ba. Ya jira Jatau ya fito, jikinsa duk laka, ya cika ƙwarya ya miƙa masa a gaban jama'a.

Ya ce, "An kai ka ƙasashe da yawa, ba wanda ya tambaye ka. Nan ni nake roƙonka. Sha ka zauna."

Jatau ya sha, hawaye na zuba cikin ƙwaryar. Bibata ta rangaɗa guɗa. Cindo ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya sha ruwan wannan rijiya ya zama ɗan gari, ba a sayar da shi, ba a miƙa shi ga mai binsa, ko daga ina ya fito.

Maganar ta bi hanyoyin fatake. Bayi da suka tsere, da waɗanda yaƙi ya kora daga gabas da yamma, suka yi ta zuwa suna tambayar ina ne wurin da ake cewa sha ka zauna, har kalmar ta zama sunan garin. Cindo ya tsufa yana shari'a a bakin rijiyar, aka binne shi a gabas da ita.

Mutanen Shakazauna sun ce rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Jikokin Jatau ne kaɗai ke shiga su yashe ta kowace bazara, kuma a cikinsu akan haifi yaro mai jan gashi jefi-jefi. In baƙo ya shigo garin, ba a tambayarsa sunansa ko abin da ya koro shi. Sai a kai shi bakin rijiya, mafi tsufa a wurin ya cika ƙwarya ya miƙa masa da hannu biyu. In ya sha ya ajiye, sa'an nan a ce masa, "Sannu da zuwa gida."