Tsohuwar Filta

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai kula da tankin dizal a wani kamfanin ajiyar kifi. Daga tankin nan janareta ke shan mai, janareta kuma shi ke riƙe da sanyin ɗakunan kifi. Aikinsa bai fi ƙarfinsa ba: ya rufe famfo, ya kwance tsohuwar filta, wato matatar man, ya shafa wa robar sabuwa mai, ya ɗaura. Ya iya, har ya gaji da iyawa.

Shi da kansa ya samo wa ƙanin matarsa aiki a wurin. Kuskuren ƙanin ɗaya ne: ya koya da kyau. Manaja ya fara yabonsa. A gida ma matar ta ce, "Maigida, ashe ƙanin nan nawa akwai kai!" Ya ce, "Ƙwarai. Ni kuma wuya kawai Allah ya ba ni."

An rage masa albashi ne? A'a. An ƙwace masa kujera? A'a. An yabi wani ne kawai a gabansa, abinci ya daina wuce masa.

Ranar canjin filta, ƙanin ya yi aikin tsaf. Da aka tafi cin abincin rana, mutumin ya tono tsohuwar filta daga shara, ya huda ta da ƙusa, ya goge ta tas, ya kwance sabuwar, ya mayar da ita. Rabon da ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar an daɗe.

Laka da ruwan da ke kwance a gindin tanki suka wuce babu mai tambayarsu. Kafin yamma janareta ya yi tari, ya yi shiru. Kafin a samo kayan gyara, warin kifi ya kai bakin titi.

Manaja ya kira shi. Ya shiga da fuskar jimami, ya ce, "Yallaɓai, yaran yanzu sai haƙuri."

Manaja ya ce, "Wane yaro? Da safe na ce zan sallame ka, saboda ka daina mayar da hankali a aiki. Ƙanin matarka ya roƙe ni, ya ce filtar yau kai za ka canja da hannunka, shi sifana kawai zai miƙa. Ko ba ka taɓa ta ba?"

Ƙarya ƙanin ya yi, ba na yabon ƙarya. Amma ku dubi mutuminmu. Ya ce bai taɓa ba? Ga warin dizal a hannun rigarsa. Ya ce ya taɓa? Ga kifi.

Aka kore shi. Yau ƙanin ne ke kai wa yayarsa cefane, mutumin yana ci, yana cewa gishiri ya yi yawa.

Ya 'yan uwa, mai hassada yakan raunata wanda ke tare masa duka, sannan ya yi mamakin inda dukan ya fito. Allah ya tace mana zukatanmu, ya kiyaye mu daga ƙyashin alherin da ya ba waninmu. Amin.