Abin da Ya Tsaga Baƙar Laka

Dalilin da ya sa baƙar lakar kwari take tsattsagewa da rani, har ƙafar ɗan akuya ta zurma ciki, shi zan gaya muku yau. Ku gyara zama.

A zamanin da, laka ba ta tsagewa. Sumul take kamar bayan tukunya, tun daga gindin tudu har inda ido ya gaza. Idan damina ta kankama, ruwa ya gangaro daga tudu, kogi ya cika ya kwanta a kanta wata da watanni, sai ta shanye shi tas, ta rufe bakinta. Rana ta gasa bayanta ya yi tauri, fartanya ba ta kama shi. Ba mai noma ta, ba abin da ke tsaye a kanta sai ƙaya da bagaruwa nan da can. Mutane suna bisa tudu suna noman gero a jigawa, ƙasa mai yashi, mai daɗin aiki, sai dai ba ta riƙe ruwa. A yi ruwa da safe, kafin la'asar ta tsane.

A wani ƙauye na bisa tudun akwai wata mata ana ce mata Dela. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan mahaifinta, Baba Nomau, wanda tsufa ya cinye masa ido da ƙafa. Ita ce ke noma masa, ita ke dafa masa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero yana cikin fitar da kai. Aka zuba ido gabas, hadari ya haɗo ya watse, ya sake haɗowa ya watse. Gero ya bushe a tsaye. Mutane suka fara ɗaure kaya za su yi kudu, inda aka ce an sami damina.

Yayanta Jatau ya shigo gidan da jakinsa, ya ce, "Dela, haɗa kayanki. Gobe za mu kama hanya."

Ta ce, "Yaya, Baba fa?"

"Mu ɗora shi a jaki."

"Ka san ba zai kai ba. Ko zama bai iya ba sai an jingina shi."

Jatau ya san gaskiya ta faɗa. Sai ya ce, "To me za ku ci? Yashi?"

Dela ta nuna masa bakin rijiya, inda ta yafa ɗan ragowar irin dawarta, tana ba shi ruwa da ƙwarya. Ya tsiro kore shar, ya kai tsawon kamu. Ta ce, "Wannan zan dasa."

"A ina? Jigawa ta ƙone."

Ta juya ta dubi kwari. "Duk ruwan da aka yi bana da idona na ga inda ya shiga. Yana can cikin laka. Zan je in karɓo."

Jatau ya girgiza kai, ya ajiye musu ɗan geron da zai iya ragewa, ya tafi da iyalinsa yana waiwaye.

Da gari ya waye Dela ta ɗauki fartanya ta gangara kwari. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta ɗaga fartanya ta sara, ƙota ta karye a hannunta. Ta koma gida ta ɗauko dagi, wato sandar nan mai bakin ƙarfe da ake haƙa rami da ita. Ta yi ta soka, tana soka, har tafin hannunta ya yi bororo, ramin bai wuce zurfin ɗan yatsa ba.

Sai ta ji murya daga ƙasa, mai kauri, kamar ana magana a cikin randa. "Ke wace ce kike ƙwanƙwasa mini baya?"

Dela ta durƙusa ta ce, "Inna Laka, ni ce Dela, 'yar Nomau. Ruwa na zo roƙo. Ba don in sha ba, don dawata."

Laka ta ce, "Yau kuka san da ni? Takinku jigawa kuke kai wa, waƙar nomanku a kanta kuke yi. Ni sai dai ku koro mini shanu su tattake ni. Abin da na haɗiye nawa ne. Tashi ki ba ni wuri."

Dela ta ce, "Laifin da kika faɗa mun yi shi. Amma tashi kam ba zan tashi ba."

Ta ci gaba da sukar ƙasa har rana ta yi tsaka. Da ta gaji ta kwance ɗan goranta za ta sha, sai ruwa kaɗan ya zube cikin ɗaya daga cikin ramukan. Kafin ta ƙifta ido ya ɓace. Ta sa ido sosai, ta ga ƙasan ramin ya yi laushi, wata 'yar kafa siririya ta buɗe ta tsotse ruwan. Ashe Laka, duk da ruwan da ke cikinta, ba ta iya ganin ruwa ta ƙyale. Dela ta rufe goranta ta koma gida.

Ta gaya wa mahaifinta abin da ta gani. Ta ce, "Baba, in na sa dashe a rami na bi shi da ruwa, Laka za ta buɗe maƙogwaro ta haɗiye. Saiwa kuwa inda ruwa ya bi nan take bi. Amma rijiyarmu ta ja baya, abin da nake samu a yini bai fi na shanmu ba."

Tsohon ya ce, "Ni da nake kwance a inuwa, me zan yi da ƙwarya guda? Ki riƙa ba ni ludayi safe da yamma. Sauran ki kai wa dawa."

"Baba, ba za ka iya ba."

"Na noma tudun nan tun ba a haife ki ba. Ki yi abin da na ce."

Haka ta yi. Kullum ta tumɓuke dashe daga bakin rijiya, ta datse masa ganye don kada rana ta sha shi, ta ɗauki tulu a ka ta gangara kwari. Ta haƙa rami, ta sa dashe, ta zuba ruwa ludayi guda. Laka ta tsotse. Ta matsa gaba ta sake haƙa wani. Leɓenta ya bushe, duga-duganta suka yi faso har suna jini, wani lokaci jiri ya ɗebe ta ta zauna dirshan, in ya sake ta ta miƙe ta ɗauki dagi. Dashen ya yi yaushi, ya kwanta kamar ya mutu. Dela ba ta fasa ba.

Ran nan da sassafe ta iso ta tarar dashen farko ya miƙe tsaye, ya fitar da sabon ganye. Saiwa ta kai ga ruwa.

Laka ta ji ana tsotsar ta daga ciki, ta daka tsawa. "Kin yaudare ni, 'yar Nomau! Zan murƙushe su duka!"

Sai ta fara matse jikinta. Ta ƙanƙame, ta ƙara ƙanƙamewa, tana so ta shaƙe saiwoyin. Dela ta ji ƙasa tana ƙara a ƙarƙashin ƙafarta, ta ce, "Inna, ki bari, za ki ji wa kanki!" Laka ba ta saurara ba. Ta tattara ƙarfinta duka ta yi matsa ɗaya, sai ji kake ƙarass! Bayanta ya tsage. Tsagar ta ruga ta haifi wata, waccan ta haifi wata, har kwarin gaba ɗaya ya rarrabe gida-gida, ko'ina baki a buɗe, mai zurfin da hannu ba ya kai ƙarshensa.

Rana ta leƙa cikin tsagogin ta fara lasar danshi. Laka ta so ta rufe ta kasa. Ta fara nishi tana cewa, "Na ƙone! Ruwana zai tafi!"

Dela ta ga in ruwan ya tafi, ita da Laka duk sun yi asara. Ta ajiye dagi ta kama aiki. Ta farfasa ɓawon ƙasa na sama ta mai da shi gari, ta share shi cikin tsagogin. Ta kwaso busasshiyar ciyawa da karan geron da ya mutu a tudu, ta shimfiɗa a kai. Ba ta tsaya ba sai da ta lulluɓe duk inda dawarta take.

Laka ta ji sanyi. Ta kuma ji wani abu da ba ta taɓa ji ba, ɗanɗanon ganye da kara yana sauka cikinta, ita da ba ta san komai ba sai ruwa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Na so in kashe miki shuka, kin rufa mini baya. To ga sharaɗina. Da rani zan buɗe, dawarku ta sha abin da na ajiye, ku kuma ku bar mini ganye da kara in ci. Amma damina tawa ce. In ruwa ya sauka zan kumbura in rufe, wanda duk ya taka ni a lokacin, sai na riƙe masa ƙafa."

Dela ta ce, "Na yarda, Inna."

Dawa ta yi tsawo ba tare da ɗigon ruwan sama ba, ta fitar da kai manya-manya, lokacin da duk duniya ta bushe. Dela ta yanko zangarniyar farko ta kai wa mahaifinta, wanda ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya shafa ta da yatsunsa daga sama har ƙasa, ya ce, "Wannan a laka?" Ta ce, "A laka, Baba." Ya ce, "To yau ki cika mini ƙwarya, in sha in ƙoshi."

Labari ya kai kudu, mutanen ƙauye suka dawo, Dela ta raba musu iri ta koya musu dashe, ta kuma gaya musu sharaɗin. Jatau ya ce ai magana ce kawai. Da damina ta zagayo ya ja jakinsa zai ratsa kwari, Laka ta kama su su biyu har gwiwa. Sai da maza suka zo da igiya aka zaro su, takalminsa kuwa bai fito ba.

To shi ya sa har yau baƙar laka take cafe ƙafa da damina, ta tsage da rani, kuma a kanta ake dasa dawar rani, wadda ake kira masakwa, bayan ruwa ya janye. In kuna shakka, ku sami doguwar sanda da tsakar rani ku zura cikin tsagar, ku zaro ku taɓa bakinta. Za ku ji da sanyi. Ruwan daminar da ta wuce ne, Laka tana riƙe da alkawarinta.