Wankin Dutsen Dagaci

An yi wani dagaci, Nomau, da ya ƙyalla ido a kan ramin da Inna Yalwa maginiyar tukwane ke haƙar yumɓu. Rannan ya kira ta gaban fadawa, ya miƙa mata wani dutse mai santsi.

Ya ce, “Yalwa, kin san al'ada: dutse na dagaci ne, laka ta magina. Wannan daga raminki ya fito. Ki wanke mini shi har ruwan ya fito garau. In kin kasa, ki bar ramin.”

Yalwa ta juya shi, ta gane dutsen laka ne, wato lakar da ta daɗe a danne har ta sandare. Ko za a shekara ana wanke shi, ruwan ba zai washe ba.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, dauɗar da za ta fita fa, ta wa ce?”

Ya yi dariya. “Taki ce mana! Ni me zan yi da laka?”

“Fadawa, kun ji ko?”

Suka ce, “Mun ji.”

Ta jiƙa shi a ƙwarya kwana uku, ta murje, ta dawo da ƙwaryar cike da taɓo.

Dagaci ya leƙa, ya ce, “Ina dutsena?”

“Ranka ya daɗe, na yi ta lalube ban sami rabonka ba, duk nawa ne. Haka ramin yake har ƙasa. In turo a kawo wani mu gwada?”

Fadawa suka tuntsire da dariya. Dagaci ya gyara rawani, ya ce, “Tashi ki tafi raminki. Amma ki gina mini randa.”