Suna Ɗaya Kafin Litinin

Kwana uku da dawowata gida, ban ma kwance jaka ba, Kawu Sallau ya zaunar da mu a zaure bayan la'asar. Shi ne shugaban ma'aikata a wata masana'antar casar shinkafa da ke bayan gari, inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa. Saboda haka aka kakkafa na'urorin intanet marasa waya a kan turaku, kowace tana miƙa saƙo ga ta kusa da ita har ya isa.

Al'adarsu ce ran Juma'a a kashe janareto da azahar, kowa ya tafi masallaci. Malam Barau, mai kula da rumbun ƙarfe, ya ga ai injuna sun yi shiru, sai ya shiga ya fasa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da ta dunƙule, da niyyar ya riski sallah. Tudun ya rufta da shi har ƙirji. Da hannu ɗaya ya aika saƙon murya a zauren ma'aikata na waya.

Na'urar da ta kama saƙon, wani ma'aikaci, Jatau, shi ne ya ɗaura ta a bakin rumbun tun kwanakin baya. Manaja ya hana, ya ce buhuna ba sa buƙatar intanet. Jatau ya faki idonsa ya hau, tsani ba igiya.

Saƙon ya bi na'ura bakwai alhali babu wuta a ko'ina. Lantana, injiniyar wurin, ita ce ta raba batiran sola na ofishin manaja ta jona wa na'urorin, ba ta nemi izini ba, don ta san amsar da za a ba ta.

Wayoyin jama'a suna masallaci, nesa da turakun. Ishaya mai gadi kaɗai saƙon ya samu. Dokarsa ita ce kada ya bar ƙofa ko gobara ake yi. Ya bar ta a buɗe, ya hau rumbun, ya jefa wa Barau igiya, ya riƙe ta sama da awa guda har fatar tafinsa ta saɓule, kafin mutane suka dawo suka yanka jikin rumbun.

Barau ya fito da rai, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Rumbu ya lalace. Mai masana'anta ya ce dukansu ukun sun karya doka: biyu za su tafi, ɗaya ya zauna, kuma Kawu ne zai rubuta sunan kafin Litinin.

Jatau na riƙe da marayun yayansa. Lantana ta shekara shida tana yawo da takardu kafin ta samu wannan aikin. Ishaya ya haura sittin, babu mai sake ɗaukarsa.

Kawu ya ce ya je asibiti neman shawarar Barau. Barau ya juya fuska bango, ya ce, “Sallau, da sun bar ni a ciki, gida ɗaya ne zai rasa abinci.”

Na ce, “Kawu, ka ƙi rubutawa mana.”

Ya dube ni. “Ɗan nan, ka daɗe ba ka gari. In na ƙi, mu huɗu za mu tafi.”

Ya ajiye takardar a kan tabarma, biro a kanta.

To, jama'a, sunan wa zai rubuta?