Tukunyar da Ta Ƙi Zama Kyauta

Akwai wata mai sayar da yadi a cikin ikilisiyarmu, mace mai hannu sake, amma in ta ba ka abu, idonta na biye da shi har gidanka. Da ta ji matan zumunta suna kukan rashin babbar tukunya don dafa wa marasa lafiya abinci, sai ta sayo wata ƙatuwa, wadda sai mata biyu suke iya ɗagawa. Aka yi mata godiya a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Daga ranar matan suka shiga uku. Duk sa'ad da za a ɗora girki, sai ta jawo kujera ta zauna a bakin murhu.

“Rage wutar nan, za ki baƙanta mini gindinta.”

“Wa ya kankare ta da cokali?”

Ba ta taɓa yanka ko albasa ɗaya ba, aikinta gadi ne. Har murfin take tafiya da shi gida, wai kada a lanƙwasa. Mata suka sa mata suna Uwar Tukunya.

Wata Asabar, ranar kai abinci asibiti, ta tafi saro kaya, ta bar saƙo cewa kada a taɓa tukunya sai ta dawo. Rana ta yi tsaka, majinyata na jira. Matar fasto ta ce kowa ta je gida ta ɗauko tata. Aka jera ƙananan tukwane, aka dafa shinkafa ana waƙa ana dariya, abinci ya isa asibiti da zafinsa.

Washegari da yamma sai ga mata biyu a ƙofar gidan Uwar Tukunya, suna nishi da tukunya.

“Mama matar fasto ta ce a gode miki ƙwarai,” in ji ɗaya. “Ta ce mun ga kina shan wahalar kula da ita, gara ta zauna kusa da ke.”

Tukunya ta ƙi shiga ƙofar kicin, dole aka ajiye ta a falo. Maigidan ya yi tuntuɓe da ita, ya zauna yana murza ƙafa.

“Sun raina kyautata,” ta ce.

“Wace kyauta? Aro kika ba su, kika haɗa musu da mai gadi.”

Ta yi fushi, ta ƙi cin abinci. Amma da Asabar ta zagayo, babu wanda ya aiko kiranta, gida ya yi mata faɗi. Ta sa aka ɗauki tukunyar aka mayar coci, ita ma ta biyo baya. Matar fasto ta dube ta, ta miƙa mata wuƙa da kwandon albasa. Uwar Tukunya ta zauna a ƙasa cikin mata, ta juya wa murhu baya, tana yanka hawaye na zuba.

“Yaya, kuka kike yi?” in ji matar fasto.

“Albasa ce,” ta ce. Can ta share ido da gefen zani. “Yawanci dai.”

Darasin shi ne, abin da ka bayar saboda Ubangiji ya bar hannunka, to ka bar shi ya fita daga zuciyarka ma. Mai bayarwa yana gadin kyautarsa bai bayar ba tukuna. Kuma hidima ba ta tsaya ga kaya ba, Allah yana son hannun da ya bayar ya zauna ya yi aiki tare da ’yan’uwa.